Jan Layin da Aka Matsar

Ranar Lahadi da hantsi, Sufeto Tak Man-su yana wanke motarsa a ƙofar gida, wayarsa ta yi ƙara. Mataimakiyarsa ce, Saja Ok Hye-rim.

"Yallaɓai, injin ɗaga kaya ya kife a ma'aikatar gyaran jiragen ruwa ta Bang. Mutum ɗaya ya mutu, ɗaya yana asibiti."

"Wa ya mutu?"

"Shi Bang ɗin da kansa."

Tak ya jefa soso cikin bokiti. Duk garin Tongyeong babu wanda bai san Bang Deok-chil ba, kuma da wuya a sami wanda zai yi kukan mutuwarsa da gaske.

Da ya isa bakin ruwa ya tarar an riga an ɗauke gawar. Injin yana kwance rub da ciki, dogon hannunsa ya nutse a teku, wutsiyarsa ta ɗaga sama da wani ƙaton dunƙulen kankare maƙale a jikinta. Ɗakin direban ya mitsike a kan gaɓar siminti. Farin jirgin shaƙatawa na marigayin, wanda yake ƙoƙarin saukarwa cikin ruwa, ya rabe biyu.

Wani saurayi mai baƙar kwat ya tare shi. Jin-tae ne, ɗan marigayin.

"Ku kama Ma Chun-bae. Shi ne direban injin nan, shi ke kula da shi. Makon jiya babana ya mare shi a gaban mutane. Me kuma kuke jira?"

"In shi ne direba, me ya kai mahaifinka ciki?"

"Babana ba ya yarda kowa ya taɓa jirginsa. Da hannunsa yake saukar da shi duk Lahadin farko bayan hutun bikin girbi na Cusok. Kowa ya san haka."

"Kowa," in ji Tak, ya wuce shi.

Injiniyan da hukuma ta turo ya gama zagayensa, ya zo yana goge hannu. Ya ce wayar ƙarfen ba ta tsinke ba, ƙugiya lafiya lau, ƙusoshin gindi ba a taɓa su ba sai da nauyi ya fizge su. Dunƙulen baya ma tan goma yake cif, ko tsakuwa ba a rage ba, kuma yana zaune daidai kan jan layin da aka shata masa.

"To me ya kayar da shi? Iska?"

Injiniyan ya ɗaga kafaɗa. Ya ce sai ya koma ofis ya yi lissafi.

Tak ya sa aka kawo tsani, ya hau wutsiyar. Dunƙulen yana zaune ne a kan dogo biyu, ana matsar da shi gaba ko baya da wani mariƙin juyawa na hannu. Ya shafa jan layin da ɗan yatsa. Fentin yana sheƙi, alhali duk sauran jikin injin tsatsa ce da kashin tsuntsayen teku. Ya matsa baya kamar taku ɗaya da rabi, ya ga wurin da aka goge da sanfefa aka shafe da baƙin mai. Ya kankare da farce. Tsohon jan fenti ya leƙo.

"Saja, kawo min abin awo."

Tsakanin tsohon layi da sabo, mita ɗaya ce.

A jikin mariƙin juyawar kuma an zura wani siririn bututun ƙarfe mai tsawo, an manta shi a wurin, ko kuwa ya cije an kasa cire shi. Tak ya sa aka naɗe shi a leda.

Ma Chun-bae yana zaune a kan tulin tayu yana zuƙar sigari. Ƙato ne, hannunsa kamar faranti.

"Yaushe rabonka da duba dunƙulen baya?"

"Kullum da safe, Yallaɓai. Jiya ma na hau na duba."

"Ka hau, ko ka leƙa daga ƙasa?"

Ma ya zuƙi sigarinsa.

"Tsanin wutsiyar nan gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Da fuskata na share ta ɗazu. Sake ba ni amsa."

"Daga ƙasa nake leƙawa. In na ga yana kan jan layi, shi ke nan. Shekara nawa ba a taɓa shi ba."

"Ka yi aiki da injin a makon nan?"

"Tun ranar da muka dawo hutu. Injinan jirgi, katako, tankuna. Ko gezau bai yi ba."

"Maigidanka ya mare ka."

"Wa ya bari bai mara ba? In mari ne dalili, sai ku kawo motar bas ku kwashe mu duka."

Tak ya nuna masa bututun. Ma ya kalle shi, ya yi guntuwar dariya.

"Wannan kuma na mene ne? Ni da hannu ɗaya nake juya mariƙin nan, ɗayan yana riƙe da sigari. Kuma wannan ba irin ƙarfenmu ba ne. Ya yi tsafta da yawa."

Duk da haka Tak ya sa aka tafi da shi ofis, don Jin-tae ya riga ya buga wa manya waya.

Kafin su bar wurin, Saja Ok ta kira shi bayan gindin injin, inda aka jingine wasu tsofaffin ganguna. A ƙasa akwai kwalbar giyar soju da aka tsiyaye rabi, busasshen kifi, da tuffa guda da aka yanke wa kai, irin yadda ake ajiye wa mamaci. Tuffar ta fara yamushewa.

"Ba na Bang ba ne wannan," in ji ta. "Ya kwana biyu a nan."

Da rana suka zauna a shagon miyar kifi da ke tsallaken titi. Tak ya kasa cin abincin kirki.

"Abin da ya ɗaure min kai, nauyin yana nan bai ragu ba. Ta yaya mita ɗaya za ta kayar da ƙaton abu irin wannan? Kuma me ya hana shi faɗuwa tun farkon mako?"

Saja Ok ta ɗauki tsinken cin abinci ɗaya, ta gicciye shi a kan bakin kofi. Ta ɗora murfin kwalba a kowane gefe, ya tsaya daidai. Ta matsar da na baya kaɗan zuwa tsakiya, tsinken ya kife, murfin gaba ya faɗa cikin miyar Sufeto.

"Yi haƙuri, Yallaɓai."

"Ci gaba, ai na ƙoshi."

"Ba nauyi kaɗai ke riƙe abu ba. Nauyi ne a ninka shi da nisansa daga madogara. Shi ake kira ƙarfin juyi. Tan goma a mita huɗu, arba'in ke nan. In ka dawo da shi mita uku, ya koma talatin. Kayan yau da kullum ba su kai su rinjayi talatin ba, shi ya sa Ma ya yi ta aikinsa lafiya. Jirgin maigida kaɗai ya wuce talatin, bai kai arba'in ba."

Tak ya ajiye cokali.

"Wato wanda ya yi abin nan ya auna ne yadda babu wanda zai mutu sai mutum ɗaya."

"Haka nake gani."

"Kuma ba shi da ƙarfin hannu, shi ya sa ya ƙara wa mariƙin tsawo da bututu."

"Doka ɗaya ce, Yallaɓai. In ƙarfinka kaɗan ne, ka ƙara nisa."

"Ke a ina kika koyi wannan? Ban san ana koyar da shi a makarantar 'yan sanda ba."

"A sakandare. Malamarmu ta fiziks ba ta barin kowa ya fita aji sai ya iya shi."

Daga nan suka nufi asibiti. Wanda ya ji rauni maigadin ma'aikatar ne, wani dattijo da kowa ke kira Baba Yeom. Shi ke riƙe da igiyar da ake daidaita jirgin lokacin da injin ya kife, ƙarfe ya danne masa ƙafa. Likitoci sun yanke ta daga gwiwa.

"Sannu, Baba. Ya jikin?"

"Ga shi dai, an rage min kuɗin takalmi."

"Lokacin hutun Cusok kai kaɗai ke gadi?"

"Ni da sauro."

"Wa ya shigo?"

"Babu kowa. Ƙofa a kulle take."

"Akwai kyamara?"

"Maigida ya sa an cire su tun shekarun baya. Ya ce sun cika gulma."

"To wa ya ajiye wa mamaci soju da tuffa a bayan injin?"

Tsohon ya juya fuskarsa bango.

"Ni na ajiye."

"Wa ka ajiye wa?"

"Matata."

"Matarka tana zaune a waje, Baba. Ita ta nuna mana ɗakin nan."

Baba Yeom ya rufe ido. Ya ce allurar da aka yi masa ta fara aiki, barci yake ji. Duk tambayar da Tak ya sake yi, bai ƙara buɗe baki ba.

A ofis Tak ya sa aka fito da Ma, ya miƙa masa kofin shayi.

"Wa ya taɓa mutuwa a gindin injin nan?"

Ma ya ajiye kofin bai sha ba.

"Gil Sang-ho. Mai walda ne, shi ya haɗa farin jirgin nan da hannunsa. Shekarun baya maigida ya sa a ɗaga wani jirgin kamun kifi da ya fi ƙarfin injin. Tsohon direba ya ƙi, maigida ya ture shi ya hau da kansa. Wutsiya ta ɗaga, ya tsorata ya saki kayan. Sang-ho yana ƙarƙashi."

"Kotu fa?"

"Lauyoyin maigida suka ce Sang-ho ya sha giya, shi ya shiga inda bai kamata ba. Mutumin da ko a biki ruwan lemo yake sha. Mu kuma aka ce duk wanda ya yi magana ya nemi wani aikin. Muka yi shiru, har da ni."

"Babu wanda ya tsaya masa?"

"Matarsa. Ta zo kotu da allo da alli, ta nuna da lissafi cewa kayan sun fi ƙarfin injin. Lauya ya ce nan ba aji ba ne. Da aka fito, maigida ya tsaya a matakala yana dariya, ya ce mata, ‘Malama, koma ki koya wa yara lilo.’ A gabana aka yi."

"Ya sunanta?"

"Seol Eun-ju. Tana koyarwa a sakandaren 'yan mata da ke kan tudu."

Tak ya ji alƙalamin Saja Ok ya faɗi ƙasa. Ya waiwaya. Fuskarta ta sauya.

"Ita ce malamarku ta fiziks?"

"Ita ce, Yallaɓai."

"In ba za ki iya ba, in tafi da wani."

"Zan je."

Washegari suka isa makarantar daidai lokacin da ɗalibai ke fita cin abincin rana. Ɗakin gwaje-gwaje yana hawa na biyu. Malama Seol tana tattara ƙananan duwatsun awo cikin akwati. Siririyar mace ce mai furfura a goshi, hannayenta ƙanana.

"Hye-rim? Ke ce kika zama haka? Har yanzu kina taunar farce, na gani."

Saja Ok ta sunkuyar da kai ta gaishe ta, ta ɓoye hannayenta a baya.

Tak ya gabatar da kansa. Idonsa ya kai kusurwar ɗakin, inda aka jera dogayen bututun ƙarfe masu sheƙi a cikin wani katako mai ramuka. Rami ɗaya babu komai a cikinsa.

"Kin ji labarin Bang Deok-chil?"

"Na ji a rediyo."

"Kin je ma'aikatarsa lokacin hutu?"

"Me zan je yi? Ina gidan surukata a Jinju."

"To, taimako muka zo nema. Injiniyanmu ya ce sai ya yi mako yana lissafi, ni kuma ana matsa min daga sama. Saja ta ce babu wanda ya fi ki sanin abin nan."

Ya miƙa mata alli. Ta ɗan yi jim, sannan ta karɓa.

"Dunƙulen baya tan goma. Da yana mita huɗu daga gindi, aka dawo da shi uku. Jirgin yana rataye a mita takwas ta gaba. Zai kife ko ba zai kife ba?"

Ta zana layi, ta zana ɗan dala a ƙarƙashinsa, hannunta yana gudu irin na wanda ya shekara ashirin yana abu ɗaya. A hagu ta rubuta goma sau uku, talatin. A dama ta rubuta huɗu da rabi sau takwas, talatin da shida. Ta ja layi biyu a ƙasa.

"Zai kife."

"Malama, ban gaya miki nauyin jirgin ba."

Daga ƙasa ana jin hayaniyar 'yan mata a layin abinci.

"Mijina ne ya haɗa jirgin. Dole in san nauyinsa."

"Na yarda. Bututun da babu a ramin can fa? Yana ofishinmu, ana ɗaukar zanen yatsun da ke jikinsa. Surukarki kuma ta rasu bara, yana cikin takardun da muka duba jiya. Amma bar wannan duka. Ma Chun-bae yana tsare. Ɗan marigayin ya rantse sai ya ga an yi masa ɗaurin rai da rai, kuma kin fi ni sanin yadda kotu ke sauraron gidan Bang."

Malama Seol ta ajiye allin a hankali, ta kakkaɓe yatsunta. Ta jawo kujerar ɗalibi ta zauna.

"Ku saki Chun-bae. Matsoraci ne, amma ba shi ya yi ba."

"Wa ya yi?"

"Ni. Duk Cusok Baba Yeom yana buɗe min ƙofa in kai wa mijina abin sha a inda ya faɗi. Sai ya koma ɗakinsa ya bar ni, wai kada ya ga kukana. Bana ban yi kuka ba. Na hau tsanin da bututu da gwangwanin fenti. Mariƙin ya cije da tsatsa, sai da na rataya jikina duka a ƙarshen bututun kafin ya motsa. Na yi ta juyawa har tafin hannuna ya sale."

Ta buɗe hannayen. Ɓawon ciwon bai gama warkewa ba.

"Tun yaushe kike shirya shi?"

"Tun a matakalar kotu. Sun kira mijina mashayi. 'Yata ta daina zuwa makaranta saboda yara suna ce mata 'yar mashayi, har sai da na tura ta wurin ƙanwata. Shi kuwa duk shekara yana wucewa ta gaban tagar nan a cikin farin jirgin da Sang-ho ya haɗa masa, da kiɗa da baƙi. Na kai musu lissafi a kan allo sun yi dariya. Sai na ce to, bari in kai masa shi inda ba zai iya ɗaukar lauya ba."

"Kin yi nadama?"

"Ta Bang? Ko kaɗan. Da za a tayar da injin nan a mayar da shi ciki, da na sake hawa tsanin."

"Baba Yeom fa? An yanke masa ƙafa. Yana kwance a asibiti yana yi min ƙarya saboda ke."

A nan ne kawai muryarta ta karye.

"Da can yana tsayawa ne daga nesa da doguwar igiya. Na kalle su sau da yawa daga kan tudu. Ban san an canza igiyar ba." Ta dubi tafin hannunta. "Wannan nawa ne. Shi zan ɗauka in tafi da shi duk inda za ku kai ni. Kada ku taɓa tsohon nan, bai san komai ba."

Tak ya dubi Saja Ok. Ta ciro ankwa, amma ta kasa matsowa. Malama Seol ta miƙa mata hannu biyu.

"Yi aikinki, Hye-rim. Ban koya miki tsayawa a tsakiyar aiki ba."

Saja Ok ta sa mata ankwar, ta cire rigar samanta ta rufe hannayen da ita. Suka sauka ta matakalar baya, inda ɗalibai ba za su gani ba.

A bakin mota Malama Seol ta tsaya.

"Sufeto, tambaya ɗaya. Nan take ya mutu?"

Tak ya so ya yi ƙarya, bai san ma wace amsa ce za ta fi sauƙi ba.

"A'a. Likita ya ce ya ɗan jima. Masu kamun kifi sun ji shi yana kiran a zo a ɗaga ƙarfen."

"Har zuwa yaushe?"

"Kafin motar asibiti ta iso ya cika."

Ta gyaɗa kai, tana kallon teku can ƙasan tudu.

"Sang-ho tun safe yake ƙarƙashin jirgin har la'asar, don Bang ya hana a kira kowa sai lauyansa ya iso. Na so a ce shi ma ya ga la'asar."

Ta sunkuya ta shiga motar da kanta. Saja Ok ta zauna kusa da ita, ta juya fuska tana kallon taga. Tak ya rufe musu ƙofa, ya ciro waya ya kira ofis, ya ce a saki Ma Chun-bae.